Wata uku ba ta faɗi ba sai muka daina ba ta maganin, yanzu ga shi abin ya dawo

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karatu kawai, ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Yarinyata ce, ta farin, ku yi mini uzuri ba zan kama suna ba. Shekararta 15. Bara bayan babbar sallah ta fara faɗuwa. Sai ta yi ƙara guda, ta sandare, jiki ya kama jijjiga, kumfa a baki, wani lokaci har fitsari ya kuɓuce mata. In ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba, sai ciwon kai da barci mai nauyi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta ruƙiyya sau biyu. Daga baya wani mai kemis ya ba mu wata 'yar farar ƙwaya ya ce ta riƙa sha da dare. Wallahi kamar an cire ƙaya, wata uku cur ba ta faɗi ba. Sai mahaifinta ya ce ai ta warke, a daina kada ta saba da ƙwaya. Muka daina ranar Juma'a. Daren Talata ta faɗi sau huɗu, na ƙarshen ya fi minti goma, har na fidda rai. Surukata ta ce mutanen ɓoye ne suka yi fushi don an haɗa su da maganin asibiti. Ni kaina ya kulle. In koma in sayo ƙwayar ne, ko yaya zan yi?

Ummu Sultan:
Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Sannu Anti.

Sista ta Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin kowa ya ce komai: yau ɗin nan ki kai ta asibiti, kada ki jira gobe. Faɗuwa huɗu a dare ɗaya ba abin zama a gida ba ne. Duk jijjigar da ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa mutum bai dawo hayyacinsa ba a tsakani, ɗakin gaggawa ake nufa, akwai allurar da ake tsayar da ita. Ki tafi da ragowar ƙwayar ko ledar da aka ba ku a ciki.

Baban Walid:
Ni dai a gaskiya duk abin da ta lissafa alamun shafar aljanu ne. Ƙarar nan ta farko daga ina take fitowa? Turawa ba su yarda da aljani ba, shi ya sa komai suka gani sai su ce ƙwaƙwalwa. Kuma ga shi ido ya gani, ƙwayar ba ta warkar ba, danne ciwon kawai ta yi, da aka daina ya dawo da ƙarfinsa. A koma ga malamai, Hajiya.

Dakta Abu Yasir:
Maman Hanifa, sannu da jinya. Maganar Sista ita ce gaba da komai, a bi ta yau. Ni likitan yara ne, amma ban ga yarinyar ba, saboda haka bayani zan yi, ba rubuta magani ba.

Ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki take aiki, ƙwayoyinta suna aika wa juna saƙo bi da bi. Idan tarinsu suka ɓarke da aikawa lokaci guda babu tsari, shi ne jiki ke sandarewa ya kama jijjiga. Ƙarar farko, Baban Walid, iska ce ke fita da ƙarfi ta maƙogwaro sa'ad da naman ƙirji ya ɗaure. Kumfar kuwa yawu ne da mutum ya kasa haɗiyewa. Wanda ya yi irin wannan faɗuwa sau biyu ko fiye, da tazarar sama da awa 24, kuma ba zazzaɓi ko saukar suga ko wani abu na nan take ya jawo ba, shi muke cewa yana da farfaɗiya.

A abu ɗaya na yarda da kai: maganin ba ya tumɓuke ciwon, tsare shi yake yi, kamar na hawan jini. Amma tsarewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan an gano ciwon daidai an ba su maganin da ya dace. Wata ukun nan da yarinya ta samu alama ce mai kyau, nata yana jin magani.

Ina kyautata zaton ƙwayar finobabiton ce. Jiki yana sabawa da ita, kuma takan ɗauki kwanaki kafin ta bar jini, shi ya sa aka daina Juma'a abin bai tashi ba sai Talata. Yanke ta rana ɗaya na iya jawo jijjigar da ta fi ta farko muni, har wadda ba ta tsayawa. Daina magani aikin likita ne, galibi bayan shekara biyu ba faɗuwa, kuma a hankali ake ragewa cikin watanni.

Ina da tambaya, ki daure ki amsa. Da wane lokaci ta fi faɗuwa? Kuma kin taɓa ganin hannunta ko kafaɗarta sun yi fizga farat ɗaya da safe, har abu ya faɗi daga hannunta, alhali tana cikin hayyacinta?

Maman Hanifa:
Likita, wallahi ka sa tsigar jikina ta tashi. Ya fi shekara biyu tana yar da kofin koko da safe, ko ta zubar da ruwan alwala. Faɗa nake mata, ina cewa sakarci ne da rashin natsuwa. Faɗuwar kuma yawanci bayan asuba ce, musamman in ta yi daren karatu. Allah ya yafe mini.

Dakta Abu Yasir:
Ba ki da laifi, iyaye kaɗan ne ke gane wannan. Amma ki tabbata kin faɗa wa likitan da zai duba ta, ko bai tambaya ba. Akwai nau'in farfaɗiya da ke farawa a shekarun balaga, alamarsa ke nan: fizgar safe, faɗuwa bayan tashi daga barci, rashin barci yana tayar da shi. Dalilin da ya sa na damu shi ne wasu magungunan da aka fi bayarwa a nan, kabamazafin wanda kuka sani da Tegretol, da finitoyin, suna iya ƙara wa mai wannan nau'in ciwo. Magani ne mai kyau ga wani, ga wani kuma ya ɓata lamari. Shi ya sa ba a aron maganin farfaɗiya daga maƙwabci.

Malama Uwar Marayu:
Wannan magana ta tuna mini da wani ɗalibina a aji uku. Ana cikin darasi sai ya ƙura ido kamar daƙiƙa goma, ka kira shi shiru, sai ya ci gaba da rubutu kamar ba a yi ba. A rana ya yi haka sau da yawa. An sha yi masa bulala a kan rashin mai da hankali. Ashe farfaɗiya ce, ba ya ko faɗuwa. Da aka sa shi kan magani yaron nan ya dawo cikin na gaba-gaba. Har yau in na tuna bulalar nan sai raina ya ɓaci.

Baban Walid:
To Likita, wanda yake tashi yana surutai, yana cire riga, yana tafiya bai san inda yake ba fa? Shi ma lantarki ne?

Dakta Abu Yasir:
Sau da yawa shi ne. Idan ɓarkewar ta tsaya a wani sashe na ƙwaƙwalwa, wajen saitin kunne, mutum ba lallai ya faɗi ba. Sai ya ji wani wari da ba kowa ke ji ba, ko wani abu yana taso masa daga ciki zuwa ƙirji, ko tsoro ya rufe shi ba dalili. Sannan ya ƙura ido, yana tauna baki, yana murza riga, yana yawo, minti ɗaya ko biyu, ya dawo bai tuna komai ba. Wannan nau'in shi aka fi kai wa masu cire aljanu. Akwai kuma faɗuwar da ba farfaɗiya ba ce sam, ta damuwa da ƙuncin zuciya, da suma irin ta tsayuwa cikin rana. Waɗannan maganin farfaɗiya ba ya musu komai. Rarrabewar ita ce aikin.

Malam na Tudun Wada:
Bismillah. Baban Walid, ɗan'uwana, mu duka mun yi imani da aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma imani da samuwarsu daban, jingina musu kowace faɗuwa daban. Ibnul Ƙayyim da kansa ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda ke zuwa daga lalacewar wani abu a jiki, ita ce likitoci ke magana a kanta. Ba Bature ne ya fara faɗa ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. A yi wa yarinya addu'a, a karanta mata Fatiha da Falaƙi da Nasi a tofa, wannan ba ya karo da ƙwaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dukan marar lafiya da sunan dukan aljani, da turara mata barkono a rufaffen ɗaki, da cewa sai ta bar maganin asibiti kafin a yi mata karatu. Duk wanda ya gindaya wannan sharaɗi, a tambaye shi hujjarsa.

Abu Mus'ab:
Allah ya gafarta Malam, ai akwai hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri aka yi mata albishir da aljanna. Ba ya nuna haƙuri ya fi neman magani ba?

Malam na Tudun Wada:
Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibnu Abbas. Ta ce tana faɗuwa kuma jikinta yana buɗewa. Aka ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da aljanna, ko a roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta nemi a roƙa mata kada ta riƙa buɗewa, aka roƙa. Ka lura da abu biyu. Babbar mace ce ta zaɓa wa kanta, ba uba ne ya zaɓa wa 'yarsa ba. Yarinya amana ce a hannun iyaye. Na biyu, ba a kore ta ba, ba a ce a guji yawunta ba, Ibnu Abbas nuna ta yake yi yana cewa ga 'yar aljanna. Mu kuwa gudu muke yi mu bar su a ƙasa.

Tela daga Sabon Gari:
Malam ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni mai farfaɗiya ne, ba na ɓoyewa. Hatsarin acaɓa na yi ina saurayi, kaina ya bugu da kwalta, bayan kamar wata takwas na fara faɗuwa. Shekara uku ana yawo da ni gidajen masu magani, an sayar da akuyoyin mahaifiyata kaf. Ranar da na faɗi kusa da murhun mai shayi ƙafata ta shiga wuta, mutane sun kewaye ni suna kallo, ba wanda ya ja ni, wai kada kumfa ta taɓa su. Tabon yana nan. Wani kawuna ne ya kai ni asibiti, aka yi hoton kai aka ga tabon buguwar, aka sa ni kan Tegretol safe da dare. Makon farko jiri da ganin abu biyu-biyu suka dame ni, likita ya ce in daure za su ragu, suka kuwa ragu. Yau shekara 11 ina sha. Ina da mata da 'ya'ya uku, ina kan kekena. A cikin shekarun nan sau biyu kawai na faɗi, kuma duka biyun maganin ne ya yanke mini, sau ɗaya ba kuɗi, sau ɗaya na yi tafiya na manta shi. Yanzu in ya rage na mako guda nake sayen wani, ko da zan rage cefane. Maman Hanifa, ki gaya wa maigida in ji ni, sabo da ƙwaya ya fi sabo da faɗuwa a wuta.

Ummu Sultan:
Allahu akbar. Wallahi ni ma da haka na tashi, ana cewa in yawun ya taɓa ka ka ɗauka.

Sista ta Funtuwa:
Ba a ɗauka, ko ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Na share kumfar masu farfaɗiya ba adadi. Ga abin da ake yi in mutum ya faɗi: a janye shi daga wuta, ruwa ko titi, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Jijjiga na lafawa a juya shi ya kwanta ta gefe don yawu ya fita. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko rubutu sai ya farfaɗo sarai, don yana iya shaƙewa ya tafi huhu. Kuma don Allah a daina cusa cokali a baki.

Maman Hanifa:
Sista, mu cokali muke sawa, an ce kada ta haɗiye harshenta. Har haƙorinta ɗaya ya ɓantare.

Sista ta Funtuwa:
Ba mai iya haɗiye harshensa, Yaya. Taune gefen harshe yana warkewa da kansa, haƙori kuwa in ya tafi ya tafi. Sannan ki hana ta zuwa bakin rijiya ita kaɗai, da girki a kan wuta ba kowa kusa, kuma in za ta yi wanka kada ta sa sakata.

Mai Kemis a Ƙauye:
Na ga kamar za a ɗora laifin a kanmu. Ku da ke birni ku yi mana adalci. A garinmu babu likita, asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa tafiyar awa huɗu ne. Uwa ta zo da yaro yana faɗuwa kullum, in ce ta tafi Kano alhali ba ta da kuɗin mota? Finobabiton shi ne mai araha, kuma yana aiki.

Dakta Abu Yasir:
Ɗan'uwa, ban raina ƙwayar ba. Tun 1912 ake amfani da finobabiton, har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma sau ɗaya ake shan sa a rana. Yana sa manya barci, wasu yara kuma ya sa su ƙiriniya da rashin zama wuri ɗaya, amma ya ceci mutane masu yawa. Inda aka yi kuskure shi ne an miƙa ƙwaya ba a miƙa bayani ba. Da an ce mata kada a daina ko ta yi shekara ba ta faɗi ba, kuma a je asibiti a tabbatar da nau'in, da ba a kai ga daren Talata ba. Kukanka na rashin likitoci gaskiya ne. Shi ya sa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi aikin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Kano da Zariya da Kaduna kan gano farfaɗiyar yara da ba da magani. Hanyar ke nan, ilimin ya sauko kusa da mutane. Kafin ya iso garinku, ka riƙa tura su ko sau ɗaya ne likita ya gani ya rubuta, kai kuma ka zama mai tabbatar da maganin bai yanke ba.

Baban Walid:
Ƙanwata an yi mata gwajin ƙwaƙwalwar nan mai wayoyi a ka, aka ce ba a ga komai ba. In ciwon ƙwaƙwalwa ne me ya sa na'ura ba ta gani ba?

Dakta Abu Yasir:
Gwajin EEG kamar minti 20 zuwa 30 yake ɗauka. In ƙwaƙwalwa ba ta yi ɓarkewar a wannan ɗan lokacin ba, takarda za ta fito lafiya lau. Kusan rabin masu farfaɗiya gwajinsu na farko ba ya nuna komai. Shi ya sa ake maimaitawa, wani lokaci a ce mutum ya rage barci kafin ya zo. Babban abin da muke dogara da shi labarin wanda ya gani da ido ne. Yanzu kuwa waya ta sauƙaƙa, mutum ɗaya ya kula da marar lafiya, wani ya ɗauki bidiyo. Bidiyon minti ɗaya ya sha warware mini abin da gwaji bai warware ba. Hoton CT ko MRI kuma sababi ake nema da shi: tabon buguwa, ƙari, shanyewar ɓarin jiki. A wurinmu manyan sababai su ne wahalar haihuwa da jariri bai yi kuka da wuri ba, sanƙarau, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, da hatsarin hanya. Kusan rabin masu ciwon kuma ba a gano sababin. Ka mayar da ita, don Allah.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Abin da nike so in ƙara, mu nan sunayen Faransa muke sani. Finobabiton shi ne Gardénal, sannan Dépakine namu shi ne Epilim naku, magani guda ne. Na ga wanda lokotoro ya rubuta ma Dépakine, ɗan'uwanshi ya aiko mishi da Epilim daga Kano, ya haɗa biyun yana sha yana zaton daban ne. Masu ƙetare iyaka su riƙa nuna kwali a farmasi.

Hajiya Babba:
Ni tambayata daban. Yarinya ce, gobe za a zo neman aurenta. Shawarata ku rufa mata asiri, kada dangi ma su ji. Kuma an ce maganin nan yana hana haihuwa.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya, da girmamawa, ban goyi bayan ɓoyewa ba. Ni aka yi wa haka. An aurar da ni ba a faɗa wa mijina ba, na riƙa shan magani a ɓoye, da ya ƙare na ji kunyar tambaya. Na faɗi a gaban dangin miji wata biyu da biki. Abin da ya fi ɓata masa rai ɓoyewar ce, ba ciwon ba. Allah ya sa mutumin kirki ne, yanzu shi ke tuna mini lokacin sha. Haihuwa kuwa ga 'yan biyu nan, na shayar da su da nonona.

Dakta Abu Yasir:
Maganin ba ya hana haihuwa, kuma mafi yawan 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa gadonta. Amma akwai magana mai nauyi a nan, mata ku saurara. Epilim, wato balfurowet, yana aiki ƙwarai, musamman a nau'in da nake zargi ga wannan yarinya. Sai dai idan mace ta ɗauki ciki tana shan sa, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da naƙasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya, alhali a sauran mata 2 zuwa 3 ne cikin 100. Kuma kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na yaran suna samun jinkirin magana da koyo. Saboda haka Ingila ta tsaurara dokar ba da shi ga mata tun 2018. Ga budurwa ko matar aure an fi son lebetirasitam, wato Keppra, ko lamotirijin, gwargwadon nau'in ciwon. Wadda take kan Epilim yanzu kada ta daina da kanta don ta karanta wannan, ko da tana da ciki, ta je a duba a canza mata a tsanake. Faɗuwa da ciki ita ma hatsari ce ga uwa da ɗa. A fara shan folik asid tun kafin ciki. Sannan Tegretol da finitoyin da finobabiton suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, a faɗa wa ma'aikaciyar tazara irin maganin da ake sha.

Abu na ƙarshe: duk wanda ya fara Tegretol ko lamotirijin ko finitoyin ko finobabiton ya ga ƙuraje sun feso masa a makonnin farko, balle da zazzaɓi ko gyambon baki ko jan ido, ya tafi asibiti a ranar.

Maman Abba:
Likita, ɗana mai shekara biyu ya yi jijjiga sau ɗaya da zazzaɓi mai zafi. Shi ma ya kamu ke nan?

Dakta Abu Yasir:
Galibi a'a. Jijjigar zazzaɓi tana samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, yawancinsu suna wuce ta, ba a sa su kan maganin kullum. Amma duk lokacin da ta faru a kai shi a duba maleriya da sanƙarau. Haka jijjigar mai ciki da ke zuwa da hawan jini, ita ma ba farfaɗiya ba ce, maganinta daban, kuma gaggawa ce.

Matashi Mai Keke Napep:
A ƙara da taramol. Abokaina biyu sun fara faɗuwa ba su da wani ciwo, ƙwayar ce kawai. Mai farfaɗiya kuwa ko kusa kada ya je.

Abu Mus'ab:
Azumi fa? Ga shi yana matsowa.

Sista ta Funtuwa:
A ga likita tun kafin watan ya kama. Mai sha sau ɗaya ko sau biyu a rana sau da yawa ana iya mayar masa sahur da buɗa-baki, in ciwon ya daɗe a kwance. Wanda bai daɗe da faɗuwa ba, ko ake kan daidaita masa magani, kamar wannan yarinya, ni ba zan so ta ɗauka bana ba. Kuma rashin barcin dare shi ma yana tayar da ciwon.

Malam na Tudun Wada:
Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. In amintaccen likita ya ce azumi zai cutar da ita, ta sha, babu laifi a kanta.

Tela daga Sabon Gari:
Abin da ba a faɗa ba shi ne tsada. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Ku faɗa wa likita gaskiyar aljihunku tun farko, ya zaɓa muku wanda za ku iya saya kowane wata. Ku duba lambar NAFDAC a kwali, kuma ku tsaya wa kemis ɗaya amintacce.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana tara, ku gafarce ni da shiru. A ranar muka tafi, suka kwantar da ita kwana biyu. Ƙwayar finobabiton ce kamar yadda Likita ya zata. Na faɗi maganar kofin koko, likitar ta ajiye biro ta sa na maimaita, ta tura mu gwajin wayoyin kai, aka ce ta rage barci kafin mu je. Wannan karon ya nuna. Ta ce nau'in nan yana jin magani sosai, amma mu sa a ranmu shan zai yi tsawo, wataƙila shekaru masu yawa. Ta sa ta kan Keppra safe da dare, ta ce in mun ga yawan fushi ko ƙunci mu dawo mu faɗa, kada mu daina. Na karanta wa mahaifinta saƙon Tela da na Malam, ya yi shiru, washegari shi ya bi mu asibiti da kansa, shi ya sayo na wata biyu. Surukata har yanzu tana kawo tofi, ina karɓa ina ba ta bayan ta sha ƙwayarta. Na sayi ɗan littafi ina rubuta ranaku, tun da muka dawo kofi bai faɗi ba.

Saura makaranta. Ta ce ba za ta koma ba, don ranar da ta faɗi a aji ƙawayenta sun gudu, har yanzu ba mai zama kusa da ita. Malama Uwar Marayu, don Allah ki duba akwatinki, na turo miki saƙo. Ina so ranar Litinin in je in sami shugabar makarantar, ban san ta inda zan fara ba.